Dogara da Rigar da Ba a Yi wa Aljihu

Idan ɗan kasuwa ya sauka Guangzhou daga Kano bai san kowa ba, lambar Dogara ake tura masa. Shi zai tarbe shi a filin jirgin Baiyun, ya kama masa ɗaki a unguwar Sanyuanli, washegari ya sa shi gaba zuwa kasuwar Shahe, inda shagunan tufafi suke hawa-hawa har wuyan mutum ya gaji. Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki. Sinancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya iya gaisuwa, ya iya godiya, ya iya kiran mai shago lawban, wato maigida, ya kuma san in an ce masa meyo, to babu ke nan. Sauran zancen da hannu da fuska yake ƙarasa shi.

Sai dai yana da wata ɗabi'a mai ba baƙinsa kunya. Ba a miƙa masa riga ya kalli gabanta. Juya ta yake yi ciki waje, ya kai ta dab da hancinsa, ya bi ɗinkin da farce, sannan ya ja tsaki. Ko rigar da ake aunawa a buhu ce sai ta sha wannan bincike. Masu shagunan Shahe sun gane shi, da sun hango shi sai su juya rigar da kansu su miƙa masa, don a rage ɓata lokaci. Matarsa Hasiya tana cewa ranar da ya je gaida iyayenta, kafin ya zauna sai da ya ɗaga bakin labule ya duba kalmasarsa. Shi kuwa ya ce sharri take yi masa, bayan ya zauna ne ya duba.

Ba a banza ya samo wannan hali ba. Dogara ɗan unguwar Soron Ɗinki ne a Kano, kuma a zauren gidansu ba a san keken ɗinki ba. Mahaifinsu ɗinkin hannu yake yi wa manyan riguna, aska biyu da aska takwas, riga guda ta ci wata uku a cinyarsa ba ya jin komai. Dogara yana ɗan shekara bakwai aka ba shi allura, aka zaunar da shi kusa da wansa Maidaji. Da mahaifin ya rasu, Maidaji ya gaji zauren. To sai ga injin surfani, bayansa ga na kwamfuta, wanda yake gama aikin wata uku kafin a sauke tukunyar rana. Masu kawo riga suka yi ta raguwa. Dogara ya duba ya ga yara suna girma, zaure kuma ba ya girma, sai ya bi wani maƙwabcinsu zuwa China.

Maidaji bai hana shi tafiya ba. Abin da ya ɓata tsakaninsu shi ne kayan farko da Dogara ya turo Kantin Kwari: riguna masu aikin inji, an kwaikwayi aska takwas da zare mai ƙyalli. Wani ya ɗauki guda ya kai wa Maidaji zaure don tsokana. Ya shafa ta sau ɗaya, ya ajiye, ya ce, "Hannun da ya ɗauki wannan ba zai sake riƙe allura ba." Maganar ta isa Guangzhou kafin sati ya zagayo.

Tun daga nan, duk Juma'a suna waya. Su gaisa, a tambayi iyali, a tambayi ruwa, Dogara ya tambayi idon Yaya da ya fara yin yana, Maidaji ya yi godiyar maganin ɗigawa da aka aiko. Amma kalmar ɗinki ba ta sake shiga tsakaninsu ba. Wannan abu yana ci wa Dogara rai fiye da yadda zai yarda ya faɗa. A ƙasan akwatinsa akwai wani tsohon gwangwanin alawa mai allurai shida na mahaifinsu da ɗan curin kakin zuma, kuma bai taɓa buɗe shi a gaban kowa ba.

Wanda ya jawo masa rigar Turawa shi ne Imoro, wani mutumin zongon Kumasi mai aika kaya ta jirgi, wanda ba ya iya ganin aiki ya wuce bai rataya wa wani ba. Wata rana da la'asar ya same shi yana ɗaure kwali.

"Massa," in ji shi, yadda 'yan zongo suke cewa maigida, "kai da kake zagin ɗinkin kowa, yau na samo maka wanda ya fi ka rigima. Tashi mu je."

Ya kai shi wata ƙaramar masana'anta a Baiyun. Lawban ɗin wurin, wani siririn mutum mai yawan shan shayi, yana ɗinka wa Turawa kayan ado irin na da. Ashe a Turai akwai mutane, manya da hankalinsu, wasu likitoci wasu malaman makaranta, da suke fita daji ranar hutu su kafa tanti, su sa tufafin kakanninsu na shekara ɗari takwas da suka wuce, su dafa abinci a itace. Dogara ya ji wannan ya ce, "Da wutar lantarkinsu da komai?" Aka ce da komai. Ya ce Allah mai mutane.

Matsalar lawban ita ce wata Baturiya 'yar Jamus mai shugabantar irin wannan ƙungiya. Tana son samfur guda, rigar namiji ta ulu shuɗiya, kuma kada keke ya taɓa ta ko da taku ɗaya. Ma'aikatansa sun yi sau biyu, sau biyu tana dawo da ita. Idan aka dace, akwai aikin riguna da yawa a baya.

Aka kira ta a waya ta bidiyo, Imoro yana fassara da Turancinsa na tashar kaya. Ta nuna musu hotuna daga tsofaffin littattafai da aka rubuta da hannu a kan fata, gefensu an yi musu zayyana da ruwan zinari. Ga maza nan da siraran ƙafafu cikin doguwar safa, da takalma masu tsini, da riga mai kama jiki a sama ta buɗe a ƙasa har ƙwauri, an ɗaure ta da ɗamara. Ga mata da hannun riga yana jan ƙasa. Ta ce zaren ɗinkin sai an goge shi da kakin zuma. Ta ce shuɗin ma ba na kanti ba ne, wani ganye ne ake tsimawa a tukunya har ya yi wari, sannan a tsoma yadin a fito da shi ya sha iska.

Dogara ya gyara zama. "Tambaye ta, in an fito da shi kore yake fitowa, sannan ya koma shuɗi?"

Imoro ya tambaya. Baturiyar ta zaro ido ta ce haka ne, a ina ya sani?

"Ce mata wannan baba ne. Ce mata ta zo Ƙofar Mata ta ga karofi." Ya sake kallon hoton, ya ji mutanen nan masu siraran ƙafafu sun ɗan kwanta masa. "Ashe su ma sun taɓa sanin abin da suke yi."

Ya ɗauki yadin ya tafi gida. A ranar ya buɗe gwangwanin alawa a gaban Hasiya. Ta kalli alluran, ta kalle shi, ta koma kan aikinta.

Kwana uku na farko wahala ce zalla. Yatsun da suka shekara goma sha huɗu suna ɗaure kwali sun yi kauri, allura tana zame masa, ya soki kansa har ya daina ƙirgawa. Sai da ya sayo tabarau a bakin tashar jirgin ƙasa kafin ya iya zura zare. Yana zama bakin taga daga bayan sallar asuba har rana ta ɗaga, baƙinsa na kasuwa suna ta kira yana ce musu ga shi nan a hanya.

"Wace hanya?" in ji Hasiya. "Malam, ko hula ba ka sa ba."

A rana ta huɗu hannun ya tuna. Ba shi ya tuna ba, hannun ne. Allurar ta fara tafiya taku-taku, kowane daidai da ɗan'uwansa, har ya ji kansa yana ɗan rera waƙar da mahaifinsu yake yi in aiki ya yi daɗi. Kwana tara ya gama rigar. Ya kalmashe kowane haɗi ta ciki yadda ko zare ɗaya ba ya leƙowa. Ya rataye ta a ƙofa, ya ja da baya don ya more kallo.

Sai ya ga abin da ya dame shi. Rigar ba ta da aljihu.

Ya buɗe hotunan a waya, ya faɗaɗa su da yatsa, ya bi mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ya yi ta nazari, can ya gano bakin zaren: mai zanen ne ya manta. Ai mai zane ba tela ba ne.

"Namiji ya sa riga ba aljihu," ya ce wa Hasiya, "ina zai sa goro? Ina zai sa carbi? In ya je gaisuwa, daga ina zai zaro abin da zai ba yara?"

"An ce ka sa?"

"Ba a ce ba. Abin da kowa ya sani ai ba a faɗa."

"To ka kira matar mana ka tambaya."

"In tambayi mace ko rigar namiji tana son aljihu? Hasiya, a gidanmu ba a taɓa sallamar riga tsirara ba, kuma ba daga kaina za a fara ba."

Ya yanko aljihu daga ragowar yadin, babba, irin na babbar riga, wanda yake zama a ƙirji ta hagu. Da ya ɗora shi ya gani, sai ya ga aljihu fili fetal shi ma abin kunya ne. Ya sayo farin zaren siliki, ya zana aska biyu da alli, da ɗan tambari a gefe. Ya ce kwana biyu zai yi. Ya yi goma sha ɗaya. Imoro yana zuwa yana kama kai, lawban yana aiko da saƙo a waya mai alamun tambaya jere, Dogara kuwa ko a jikinsa. Rabon da Hasiya ta gan shi cikin irin wannan nishaɗi har ta manta. Abinci ma sai ta yi magana uku kafin ya ɗago.

Baturiyar ta zo Guangzhou da kanta don baje kolin kayayyaki, aka haɗu a masana'anta. Doguwa ce mai furfura, da tabarau a rataye a wuya. Dogara ya miƙa mata rigar a naɗe. Ba ta warware ta ta kalli gaba ba. Ta zura hannu ta wuya, ta juya ta ciki waje, ta kai ta dab da hancinta, ta bi ɗinkin da farce.

Dogara ya ƙura mata ido. Shekara goma sha huɗu a garin nan ana yi masa dariya, sai yau ya ga 'yar'uwarsa. Ta daɗe tana bin haɗin nan, daga hamata har ƙasa. Da ta ɗago ta yi magana a hankali.

"Ta ce a gidan tarihi kaɗai ta taɓa ganin irin wannan," in ji Imoro. Lawban ya fara washe baki yana zuba wa kowa shayi.

Sannan ta juya rigar ta koma daidai. Ga aljihu, fari fat a kan shuɗi, askoki biyu sun miƙe kamar za su yi magana. Ta sa tabarau. Ta cire. Ta sake sawa.

"Ta ce mene ne wannan?"

"Aljihu ne. Ce mata kyauta ce, mai zanensu ne ya manta."

Imoro ya faɗa mata. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa, sannan ta nutsu ta yi bayani. A wancan zamani, in ji ta, ba a ɗinka wa riga aljihu. 'Yar jaka ake ratayawa a ɗamara, a nan ake sa kuɗi da wuƙa da cokali. Ta buɗe hoton ta nuna masa. Ga jakar nan kuwa tana lilo a ƙugun kowane namiji, shi da ya ɗauka laya ce.

"Duk ƙasar?" in ji Dogara. "Sarki da talaka?"

"Ta ce har sarki."

"Shekara nawa suka yi a haka?"

"Ta ce ɗaruruwa."

"Suka gina waɗannan manyan gidaje na dutse, suka yi wa littafi ado da zinari, amma ba wanda ya zauna ya ce bari a ɗinke jakar nan a jikin riga a huta?"

Imoro ya ce wannan ba zai fassara ba.

Baturiyar ta shafa askokin da bayan yatsa. Ta ce ba ta taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba, kuma da gaske take. Amma a ƙungiyarsu akwai mutanen da suke ƙirga takun allura, idan ta kai musu riga mai aljihu ba za ta sake ɗaga kai a cikinsu ba. Jibi jirginta zai tashi. In an cire shi ba tare da ya bar tabo ba, za ta karɓa, kuma sauran aikin nasa ne. In ba haka ba, ta gode.

Dogara ya naɗe rigar ya fito ko shayin bai sha ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Da cewa ta yi aikin bai yi kyau ba, da ya san abin da zai ce mata. Amma a yaba abu sannan a ce a cire shi, wannan bai san inda zai ajiye shi ba. A cikin jirgin ƙasa ya yanke shawara: ba zai warware ba, su riƙe aikinsu, su ci gaba da yawo da jaka a ƙugu.

Hasiya ta saurare shi har ya gama, tana tsinke ganyen miya. Ba ta yi dariya ba, ko da yake ya ga tana so.

"Malam, in tambaye ka. Kwana goma sha ɗaya kana murmushi kai kaɗai a bakin tagar nan. Baturiya kake yi wa?"

Ta ajiye ganyen ta ci gaba.

"Ita ta san aska biyu? Ta san inda ake fara ta da inda ake tsayawa? Mutum ɗaya ne a duniya zai taɓa wannan ya san ko an yi daidai, kuma ba a Jamus yake ba. Rigar tata ce, ba ta abarta. Aljihun kuwa tun farko ba nata ba ne."

Washegari da safe ya zauna da ƙaramar allura ya fara zare ɗinkin da ya haɗa aljihun da riga, taku ɗaya bayan ɗaya, yadda ba zai ja ulun ba. Da ya gama ya ɗora ruwa a buta, ya kara ƙirjin rigar a tururi, yana shafawa da tafin hannu har ƙofofin allurar suka rufe. Da ya kai rigar masana'anta, Baturiyar ta ɗaga ta a hasken taga ta nemi tabo ta rasa. Ta ba shi hannu, ya dafa ƙirji ya ɗan rusuna, ta gane ta dafa nata. Lawban ya ce masa shiye-shiye sau uku, wato godiya.

Aljihun kuwa ya naɗe shi a farar takarda, ya ba Imoro ya sa a kayan da za su tashi zuwa Kano. Ya rubuta sunan Maidaji da unguwa. Ya so ya ƙara wata magana, ya riƙe biro ya daɗe, sai ya bar shi haka.

Juma'a ta zo, suka yi waya. Iyali lafiya, an yi ruwa shekaranjiya, ido da sauƙi. Wata Juma'ar ta zo, haka dai. Dogara ya san saƙon ya isa, don Imoro ya nuna masa shaidar karɓa. Ya ci gaba da ɗinkin rigunan Turawa a bakin taga, amma waƙar ta ɗauke. Ya fara gaya wa kansa cewa wataƙila idon Yaya ya kai inda ba ya gane komai, ya kuma rasa wanne ya fi ciwo, wannan ko shirun.

Ranar wata Talata da hantsi, yana tsakiyar Shahe da wani baƙo, saƙon murya ya shigo daga wayar Barira, 'yar Maidaji. Ya raɓe jikin wani shagon wanduna ya kara a kunne. Muryar wansa ce, ba sallama mai tsawo, ba tambayar iyali.

"Dogara. Abin nan ya zo. Idona ba ya gani sosai, da hannu na bi shi. Askar farko ba laifi. Ta biyun ka ja zare da yawa wajen tsini, ta ɗan tattare. Tambarin kuma ka yi gaggawa a ƙarshensa, ina jin inda ka gaji. Da Baba yana nan da ya sa ka warware shi."

Aka ji kukan akuya a bayansa.

"Amma hannun gidanmu ne. Barira ta ce wai rigunan Turawa kake ɗinkawa. In sun yi maka yawa ka turo, zauren yana nan, akwai masu ido a cikinsa. Sai dai ka gaya musu ba ni na ce a bar su ba aljihu ba."

Dogara ya saurara sau huɗu a tsaye. Yana dariya, hawaye yana sauka cikin gemunsa, mai shagon wandunan ya fito ya miƙa masa wando a juye ciki waje, ya ɗauka abin da yake jira ke nan.

Bayan saƙon sai ga hoto. Maidaji ne a ƙofar zaure cikin farar rigarsa ta Juma'a, tsohuwar nan da Dogara ya sani tun yana gida. A ƙirjinta ta hagu an ɗinke shuɗin aljihun ulu, bai dace da rigar ba ko kaɗan. Dogara ya faɗaɗa hoton da yatsa ya duba gefen. Takun allurar ya ɗan karkace, wani dogo wani gajere, ɗinkin mutumin da yake lalube.

Da ya koma gida ya nuna wa Hasiya. Ta kalla ta ce, "Ulu, a zafin Kano. Ku dai gidanku sai addu'a." Ta miƙo masa wayar, sannan ta sake karɓa ta ƙara dubawa. Tsohon ya zura hannunsa na dama cikin aljihun har wuyan hannu, yana kallon mai ɗaukar hoton ba ya ko murmushi.